Gabar Gawo da Damina

Dalilin da ya sa gawo ke tsayawa tsirara da damina, sa'ad da kowane icce ke fama da ganye, sa'an nan ya tashi ya yi kore shar a tsakiyar rani, ba hauka ba ne, ba kuma ciwo ba. Gori aka yi masa. Ko kuwa in ce, ce masa aka yi an yi masa gori, wanda ya fi na gaskiyar ma zafi. Ku zauna, amma kowa ya ja jikinsa, kada wanda ya jingina da ni cikin wannan zufa.

A can da, itatuwa ba su da sutura ta kansu, Damina ce ke kawo musu. Ita Damina wata ƙatuwar mata ce mai fatauci, mai yawan kyauta da yawan hayaniya, wadda ba ta shiga gari a ɓoye. Duk shekara takan taso daga gabas da ƙunshin korayen riguna a ka, ta bi itatuwa tana rarrabawa. In kaka ta yi za ta koma, sai ta bi ta karɓe kayanta, ta ninke, ta ce sai baɗi. Daga nan kowane icce ya tsaya da haƙarƙari a waje. Tsamiya da kanya da kuke gani da ɗan ganye yanzu, daga baya suka koyi ɓoye tsumma, wannan wani zance ne daban.

To akwai wani ɗan gari da ake kira Dogon Fako. Ƙanƙantarsa ta kai in ka yi atishawa a gabashin gari, daga yamma za a yi maka addu'a. In bazara ta shigo garin nan, ba ka samun inuwar da za ta rufe ko bayan kare. Ƙasa takan yi zafi har kaza ta riƙa tafiya tana ɗage ƙafa kamar wadda ta ƙunsa lalle. Ƙadangare ya daina gyaɗa kai, don gyaɗawar ma aiki ce. Mata su binne randa cikin yashi su yi ta yayyafa mata ruwa, amma kafin azahar abin da ke cikinta ya isa a fige kaza da shi. Da safe mutane na yamma da katanga, da la'asar suna gabas da ita, da tsakar rana kuwa kowa na cikin ɗaki yana gasuwa kamar dankali a toka. Su kuwa dattawa, duk shekara sai sun taru a zauren Maigari Tunau sun tattauna batun zafi, su tashi a kan cewa lokacinsa ne. Shawarar nan ba ta taɓa sauyawa ba, ba ta kuma taɓa sanyaya ko tafin hannu ba.

A ƙarshen garin akwai wata gwauruwa, Tasalla, wadda ake wa laƙabi da Kan-danga, don kullum kanta na saman dangar wani. Allah ya ba ta dogon wuya da kunnen zomo. In magana ta shiga kunnenta da hantsi tana ɗan tsako, kafin la'asar ta fito bakinta zakara mai cara. Ta raba aminai, ta tsinka baiko, ta sa an yi dambe a bakin rijiya. Ba wanda ke sonta, ba kuma wanda ke toshe kunne in ta zo da labari.

Tasalla tana da 'ya guda, Hansai, kuma da yake 'yar fari ce, ba ta taɓa kiran sunanta ba, daga "ke" sai "waccan". Ita Hansai wabi take yi. Ta haifi na farko, bazara ta ɗauke shi. Ta haifi na biyu, bazara ta ɗauke shi. Da ta haifi na uku, sai aka kawo ta wankan gida wurin uwarta ko sauyin wuri zai karɓe ta, aka kuma riƙa kiran yaron Ajuji, don mutuwa ta zaci ba mai sonsa ta wuce. Sai dai haihuwar ta sake faɗowa a tsakiyar bazara.

Al'ada kuwa ba ta san bazara ba. Safe da yamma Tasalla na hura wuta, ta tafasa ruwan wankan jego, ta dama kunun kanwa mai zafi. Ɗakin mai jego ya zama tanda. Ba a daɗe da suna ba ƙurajen zufa suka feso wa Ajuji daga wuya har cinya, nonon uwarsa ya fara janyewa, akuyar gidan da za a tatsa a ƙara a kunu ita ma ta ƙafe, don tsumma take ci da tokar murhu. Kukan yaron ya riƙa sirancewa, maɗigarsa ta fara faɗawa.

"Inna," in ji Hansai wata rana da hantsi, "kin ji kukansa? Irin na wancan ne."

"Ke, rufe mini baki," in ji Tasalla. "Dubi wannan mummunan mijin nawa, kai kamar ludayi. Ita mutuwa ba ta da ido ne da za ta ɗauki irinsa?"

Ta faɗa, ta fita, ta zagaya bayan ɗaki inda ba mai ganinta. Ta daɗe a tsugune kafin ta miƙe.

Ta jiƙa zane ta rataya a ƙofa, kafin ta juya ya bushe. Ta yi fifita har hannunta ya sage. Daga nan ta yafa mayafi ta tafi wurin Maigari Tunau, ta durƙusa, ta roƙi a bar mai jego da jariri su riƙa wuni a soronsa mai kaurin katanga.

"Haba Tasalla," in ji Maigari, yana sharce gumi da hannun riga. "Mai jego ta fita kafin arba'in? A garin nan? Me za a ce da mu? A yi haƙuri, lokacinsa ne."

"Ranka ya daɗe, lokacin wa? Na zafin ko na yaron?"

"Kin ga irin bakin naki ko? Tashi ki je, Allah ya raya."

To a bayan dangar Tasalla akwai wani babban Gawo, rassansa sun miƙo daidai saman jinkar ɗakin mai jego. Shi ne mai masaukin Damina. A gindinsa take sauke kaya, shi take fara bai wa riga, kuma tasa ta fi ta kowa kyau. Wannan ya sa yake ji da kansa, ba ya amsa gaisuwar ƙananan itatuwa sai da ka. Tasalla ta dawo daga gidan Maigari, ta tsaya tana duban rassan nan busassu, tana cewa a ranta, da da ganye a jikinsu da an huta.

"Baba Gawo, barka da rana."

"Barka kadai, maƙwabciya. Ya mai jiki?"

"Jiki sai addu'a. Baba, na ce ba, ba ka iya ɗan fid da ganye, ko na 'yan kwanaki, yaron nan ya sami inuwa?"

"Da me zan fitar? Riga na wurin mai ita."

"An ce saiwarka ta kusa kai ga ruwan ƙarƙashin ƙasa. In ka ɗan matsa ka sha, ba ka saƙa taka?"

Gawo ya yi dariya har ɓawonsa na zuba. "In fasa fako, in huda marmara, in yi ta wahala kamar mai haƙar rijiya, alhali ga mai kawo mini har gida? Ki bari aminiyata ta iso, ba ta da nisa."

Ba ta da nisa a wurin icce, wanda shekara a gare shi kamar hamma ce. A wurin jariri kuwa gobe ma nisa gare ta. Tasalla ta ga roƙo bai ci ba a gidan Maigari, bai ci ba a gindin Gawo. Kowa kuwa da kiwon da ya karɓe shi. Sai ta gyara zama, ta karkace kai, ta ja wani dogon numfashi.

"Aminiya," ta ce. "Hmm. To. Allah ya bar zumunci."

"Mene ne kuma 'to'?"

"Ni? Ba komai. Bakina ƙanin ƙafata."

"A'a, Tasalla, kin fara sai ki ƙarasa."

"Wallahi Baba ba na son a ce ni na ce. Kullum ni ake gani. Bari in je in duba wuta."

Ta miƙe, ta yi taku biyu a hankali, irin takun wanda ya san za a kira shi. Aka kuwa kira ta. Sai da Gawo ya rantse ba zai ambaci sunanta ba, sa'an nan ta dawo ta sassauta murya.

"Bara ne, ranar da take ninke riguna za ta tafi. Ina tsince-tsincen itace kusa da Kuka, sai na ji tana cewa, 'Ku dubi Gawo da taƙama, alhali ko bante bai mallaka ba. In na karɓe kayana, haka nake barinsa zindir, awaki na kallo.' Wai kayan aro ba ya rufe katara."

Gawo ya ce, "A gaban Kuka?"

"Da Aduwa. Kuka har 'ya'yanta na kaɗawa don dariya."

"Aduwa? Wannan 'yar ƙayar da ba ta kai gwiwata ba?"

"Ita ce ma ta ce a maimaita."

Ku sani, sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Gawo ya daɗe yana jin nauyin tsayuwar da yake yi tsirara rabin shekara, bai dai taɓa faɗa ba. Tasalla ba ta shuka komai ba, ban ruwa kawai ta yi.

"Bari ta zo," in ji Gawo. "Sai na tambaye ta."

Tasalla ta ga in ya tambaya ƙarya za ta tonu, sai ta yi maza ta tare shi. "Tambaye ta mana, Baba. Za ta ce wasa take yi, ta miƙo maka riga, ka sa hannu biyu ka karɓa, ka yi godiya. Aduwa na kallo."

Nan fa Gawo ya rantse da abin da itatuwa ke rantsuwa da shi. Ya ce shi da rigar Damina har abada. Zai saƙa tasa, kuma sa'ad da ba ta nan zai sa, don kada wani ɗan iska ya ce tata ce. Abin da roƙo bai sa shi ba, zuciya ta sa shi. Ya tura saiwa ƙasa, ya fasa fako, ya huda marmara, har tukwanen Tasalla na kaɗawa a kan murhu, sai da ya kai ga ruwa mai sanyi ya kafa baki.

Ba a yi kwanaki da yawa ba rassan suka fara tsiro, ƙananan ganye kamar ƙwayar gero, suka yi ta ƙaruwa har suka rufe sama. Inuwa ta sauko ta kwanta a kan jinkar ɗakin mai jego da rabin tsakar gida. Randa ta tuna aikinta. Akuya ta miƙe a kan ƙafa biyu tana zarar ganye ta saman danga, hantsarta ta ciko. Aka tatsa aka zuba a kunu, Hansai ta sha, nono ya dawo. Ajuji ya kama ya tsotsa har ya yi gyatsa, ya yi barcin da bai taɓa yi ba tun da ya zo duniya. Hansai ta zauna tana kallonsa tana share ido da gefen zane.

"Ga shi nan," in ji Tasalla daga bakin ƙofa. "Sai ci sai barci, ko cefane ba ya bayarwa. Ni na ga ta kaina da wannan miji."

Amma a gari kamar Dogon Fako ba a ɓoye koren icce da bazara. Mutane suka yi ta zuwa kallo. Da aka tambayi Gawo, ya faɗa da ƙarfi don Aduwa ta ji, cewa an yi masa gori, kuma shi da Damina gaba ce. Sarkin Noma Cindo na jin haka ya ruga zauren Maigari.

"Ranka ya daɗe, muna cikin masifa. In matar nan ta zo ta tarar mai masaukinta na gaba da ita, wucewa za ta yi. In ta wuce, me za mu shuka? Me za mu ci?"

Dattawa suka yanke shawara, karo na farko da suka yanke wadda ba "lokacinsa ne" ba. Za su je su ba Gawo baki ya tuɓe rigar nan tun kafin Damina ta gani, in ta iso a sasanta su. Tasalla ta ji shawarar tun kafin masu ita su gama sa takalma. Mafi munin zafi bai zo ba tukuna, wannan na gab da faɗuwar ruwa, mai hana numfashi, Ajuji kuwa yanzu ya fara mayar da jiki.

Suka iso da tsakar rana suna haki, Maigari a gaba, suka shimfiɗa buzaye a gindin Gawo ta wajen danga.

"Gawo," in ji Maigari, "wai shin wa ya kawo maka wannan magana?"

"Wani masoyi ne."

Duk suka waiwaya suka dubi dangar Tasalla. Wani kai da ke samanta ya nutse a hankali.

Maigari ya gyara murya zai fara ban baki. Sai wata iska ta ratso ta cikin ganye, ta shiga ta wuyan rigarsa, ta bi bayansa har ƙugu. Tun da aka naɗa shi bai taɓa jin irinta da bazara ba. Ya buɗe baki, maimakon magana sai hamma ta fito. Tasalla na leƙe ta wata kafa, ta ga hammar nan, ta gane inda bangon ya tsage. Nan da nan ta ɗebo ruwan randa a ƙwarya, ta jefa tsamiya a ciki, ta miƙo ta saman danga.

"Ga ruwa, iyayen gari. Sulhu ba ya yiwuwa da busasshen maƙoshi."

Ƙwarya ta zagaya ta dawo wayam. Maigari ya kishingiɗa. "Jama'a," ya ce, "magana babba irin wannan ba a yi mata gaggawa. Mu saurara, gobe ma rana ce."

Washegari suka dawo tun da hantsi, da tabarmi. Kashegari wani ya haƙa gurbin dara. Wanzami ya ga duk kawunan gari sun koma can, ya kwaso zabirarsa ya bi su. Mai saƙar zana ya zo, mai tallan fura ta zo. Kullum in rana ta take, Maigari ya ɗaga kai ya ce, "Gawo, haƙuri dai shi ne maganin zaman duniya." Gawo ya ce, "Na ji." Maigari ya ce, "Madalla, an sami ci gaba, gobe sai mu ɗora." Ya ja hula ya rufe fuska.

Cindo ne kaɗai hankalinsa bai kwanta ba. "Ranka ya daɗe, hadari fa ya fara leƙowa daga gabas, ba mu ce masa ya tuɓe ba har yanzu."

"Za a ce, Cindo, za a ce. Matsa kaɗan, ka tare mini iska."

Haka aka yi ta sulhu har mugun zafin ya zo ya wuce ta saman ganye, Ajuji na ciki yana ƙiba.

Ran nan da la'asar iska ta juya, gabas ta yi baƙi ƙirin, aka ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga nesa. Tasalla na cikin kwasar ruwan wanka ta tsaya cak. Ta auna abin a ranta kamar mai auna gero. In Damina ta yi fushi ta wuce, yunwa za ta yi wa Ajuji abin da zafi bai yi ba. In kuwa suka haɗu da Gawo suka yi magana, ƙarya ta tonu, Gawo ya koma jiran a kawo masa, bazara mai zuwa ta tarar da yaron yana haƙori ba inuwa. Dole Damina ta sauka, dole kuma gaba ta zauna. Ta ajiye ƙwarya, ta ɗaure zane tamau.

"Inna, ina za ki cikin wannan hadari?" in ji Hansai.

"Ina ruwanki? Rufe masa kai."

Ta bi ta bayan gonaki har ta tari Damina a hanya. Ga ta nan tafe cikin baƙin turkuɗi, ƙunshi a ka, mundayenta na ƙara tun daga nesa.

"Uwar albarka, sannu da hanya!"

"Wa nake gani kamar Tasalla? Ashe wuyan nan bai gajarce ba? Ya na baro ku?" Kafin a amsa mata ta hango kore a bakin gari, ta ja ta tsaya. "Kai! Wa ya riga ni rabon riga?"

"Mai masaukinki ne. Tasa ya saƙa. Ya ce ya gaji da kayan aro."

Damina ta daɗe tana kallo. Mai kyauta ba abin da ke yi masa ciwo kamar a ce an ƙoshi. "To shi ke nan," ta ce a sanyaye. "In ba a bukatata, garuruwa na da yawa." Ta gyara ƙunshi za ta karkata kudu.

Tasalla ta yi maza ta tafa hannu ta yi 'yar dariya. "Oh, ikon Allah! Haka kuwa ya ce za ki yi."

"Ya ce me?"

"A'a, ni ba na son a ce ni na ce."

Damina ta buga tsawa. Tasalla ta ga wannan ba irin wadda ake ja wa rai ba ce, ta yi sauri.

"Cewa ya yi da kin hango shi cikin rigarsa, kunya za ta hana ki shiga gari. Wai dama albarkacinsa kike ci a Dogon Fako, in ba gindinsa ba ba ki da inda za ki ajiye ko ƙwarya."

"Ni? Ni Damina? Icce ne zai hana ni shiga gari?" Walƙiya ta keta sama. "Wallahi sai na sauka garin nan, in kwana, in wuni, in zuba a tsakar kansa. In kuwa na ƙara ce masa ko sannu, a sake mini suna!"

"Don Allah dai kada ki ce masa ni na faɗa."

"Ba sai na yi masa magana ba zan ce?"

Tasalla ta riga ta isa gida da gudu, ta ɗauki Ajuji ta rungume, ta laɓe a bayan danga. Damina ta shigo da iska a gabanta. Dattawa suka miƙe a gurguje, 'ya'yan dara suka watse. Maigari ya tuna abin da ya kawo shi tun farko, ya shiga tsakani ya ɗaga hannu.

"Uwar albarka, barka da sauka. Gawo, ga baƙuwarka. Ai tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa…"

Ba wanda ya dube shi. Damina ta kau da kai yamma, Gawo ya kafe ido a sama. Kalma ɗaya ta isa ta tona Tasalla. Da ɗayansu ya ce, "Me na yi maka?" da an gama. Amma ita gaba, wanda ya fara magana shi ya sauko, kuma kowannensu ya gwammace ya mutu a tsaye. Tasalla ta ƙara rungume yaron.

Damina ta kwance ƙunshi, ta bi Kuka da Aduwa da sauran ta ba kowa tasa. Saura guda a hannunta, wadda ta fi duka kyau, ta Gawo. Hali zanen dutse, hannunta ya saba da bayarwa. Ba ta dube shi ba, amma ta miƙa rigar ta gefe, ta tsaya.

Tasalla ta runtse ido.

Shi kuwa Gawo, da ya ga riga a miƙe, ga Aduwa na kallo, sai ya ga gorin nan ne ya zo da ƙafarsa. Ya ce a ransa, in ya tsaya da ganye a gabanta, gobe a ce nata ne. Sai ya girgiza tun daga saiwa har ƙoli, ya zubar da ganyensa kaf, ya tsaya zindir da gangan, yana huci. Ganye ya rufe Maigari da jama'arsa har gemu. Damina ta ga an gwammace tsiraici da kyautarta, ta yi jifa da rigar a gindinsa, ta ɗaga hannu ta saki ruwa kamar da bakin ƙwarya. Masu sulhu suka nemi mafaka a gindin iccen da suka wuni a ƙarƙashinsa, ba ko ganye ɗaya. Suka kwashi buzaye suka ruga, Maigari na riƙe da hula.

A shekarar nan Damina ta yi ruwan da ba a taɓa gani ba a Dogon Fako, duk don ta ƙuntata wa Gawo. Rigar da ta jefar ta haɗu da ganyen da ya zuba, geron da aka shuka a gindinsa ya fi na ko'ina zangarniya, ga shi ba inuwar da za ta danne shi. Cindo ya ce dama haka ya tsara. Maigari kuwa aka yi ta yabonsa, wai zaman da ya yi ne ya hana Damina wucewa. Da kaka ta yi, Damina na juya baya Gawo ya kafa baki a ruwansa na ƙasa, ya saƙa sabuwa ya sa.

Bazara ta zagayo ta tarar da Ajuji a tsakar gida cikin inuwa, yana dafa turmi yana miƙewa, haƙora biyu a baki, 'ya'yan gawo na faɗowa akuya na tsincewa. Hansai ce ta zo da shi ganin gida, ta zauna kusa da uwarta tana tsinkar zogale.

"Inna, mutane fa na cewa ke ce kika haɗa su."

"Mutane ba su da aikin yi," in ji Tasalla. "Ke, tashi ki cire wa mijin nan nawa kashin awaki daga baki."

Duk garin sun san gaskiya, tun daga Maigari har mai tallan fura. Ba wanda ya je ya faɗa wa Gawo, ba wanda ya tari Damina da ita. Ba kuma wanda ya ce wa Tasalla an gode. Har ta koma ga Mahaliccinta munafuka suke kiranta, kuma a cikin inuwar nan suke zama su kira ta.

Shi ya sa har yau, da hadari ya haɗo gawo zai fara kaɗe ganye, ya tsaya tsirara ruwa na dukansa har kaka, sa'an nan in kowane icce ya bushe shi ya yi ado, mutum da dabba su fake a gindinsa. Gulma mugun hali ce, duk wanda na kama da ita a cikinku sai muciya ta karye a bayansa. Amma in kun bi ta gindin gawo kuka ga gabas ta yi baƙi, ku wuce da bakinku a rufe. Ba ku aka aika sulhu ba.